Ɓawon Lemon Yaya

A shagon ɗaukar hoto da ke bayan tashar mota, aikin Auta shi ne gyaran fuska. Mai shago ne ke ɗauka, ita kuma tana can lungu gaban kwamfuta, tana share ƙuraje, tana rage maiƙon goshi, tana miƙe kwalar rigar da ta karkace. Mata kan leƙo ta kafaɗarta su ce, "Anti, a ɗan rage mini nan." Sai ta rage, ba ta tambayar dalili. Ta haura arba'in, mijinta ma'aikacin gidan ruwa ne, 'ya'yanta uku, amma a gidansu har yau Auta ake ce mata, sunan kuma ya bi ta har ƙungiyar marubuta.

Ƙungiyar tana zama ranar Asabar da yamma a ɗakin ajiya na wani kantin littattafai. Kujerun roba ne, da fanka mai kuka, da kwalayen littattafan makaranta da ake turawa gefe kafin a zauna. Shugaba tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Akwai wata ma'aikaciyar gidan jarida da ake kira Jan Biro, saboda ba a taɓa ba ta takarda ta dawo da ita fara ba. Akwai kuma Lasifika, mawaƙi mai kai saƙo a babur, wanda bai san ana magana a hankali ba, bai kuma taɓa zuwa taro a kan lokaci ba. Auta ta daɗe tana zuwa tana sauraro kafin ta yarda ta karanta nata. Da ta fara kuwa, babi bayan babi, sai da littafi ya haɗu. Wani ƙaramin kamfani ya buga shi, kuma a bana ya ci kyautar littafin farko da ake bayarwa duk shekara. Kofen littafin da ke kantin suka ƙare cikin 'yan kwanaki, aka ce sai an sake bugu.

Ƙungiyar tana da doka game da walimar nasara. Asalinta wani memba ne da aka taɓa yi wa walima, ya zaɓi wuraren da yake so a littafinsa, ya yi ta karantawa har baƙi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar marubuci ba ya zaɓar abin da zai karanta. Babba daga danginsa ne ke rufe ido ya buɗe littafin, inda ya buɗe nan za a karanta, shafin dama da na hagu, ba tsallake ko layi ɗaya. Kuma kofin ƙungiya ake buɗewa, wato kofin farko da ya fito daga maɗaba'a, wanda kowane memba ya karanta ya sa hannu a bangonsa. In wani ya yi ƙorafi, Shugaba kan ce, "Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Auta ta sha tafa wa wasu a ƙarƙashin wannan doka. Da aka sa ranar tata, barci ya ƙaurace mata.

Akwai wani babi a tsakiyar littafin, wanda alƙalan gasar suka ambata da suna a jawabinsu. Wani tela ne aka bar wa jinyar mahaifinsa a asibiti, ya kasa shiga ɗakin. Ya zauna a benci a baranda yana feraye lemon da ya sayo wa mara lafiya, har uban ya cika a gaban nas. Da ya koma gida ya ce wa uwarsa yana riƙe da hannun tsohon har ƙarshe.

'Yan ƙungiya sun ɗauka ƙirƙira ce. Auta ce kaɗai ta san cewa telan nan mai walda ne, kuma yayanta ne. Ita ce ta zo da kular abinci da rana tsaka a wancan lokaci, tana budurwa, ta tarar da Yaya a benci, ɓawon lemo tuli a ƙafarsa, a ciki kuma nas tana jan labule. Ita ce ta tsaya a bayansa a tsakar gida lokacin da ya gaya wa Inna abin da ya gaya mata, ta kuwa ja bakinta ta yi shiru. Shekaru sun wuce, amma duk wanda ya zauna da Inna sai ya ji ta ce, "Ni dai na gode Allah, a hannun ɗansa ya cika."

Yaya ne ya riƙe gidan bayan rasuwar. Shi ya kai Auta makaranta, shi ya aurar da ita, kuma har yau in danta ya yi zazzaɓi, tsohuwar a-kori-kurarsa ce ke fara tsayawa a ƙofar gida. Mutum ne mara yawan magana, wanda in ya yanke hulɗa da mutum ya yanke ke nan. Lokacin da take rubutun, Auta ta kwantar wa kanta hankali da abu biyu: wutar walda ta ci wa Yaya ido, ba ya iya karanta ƙananan baƙaƙe, Inna kuwa ba ta yi boko ba. Ba ta sa kyauta a lissafi ba. Da maƙwabta suka fara shigowa barka, Inna ta ce ko a kan keken guragu ne sai ta je walimar.

Ranar Asabar Auta ta riga kowa zuwa. Mai kanti ya share ɗakin, ya aro ƙarin kujeru, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. A kan ƙyallen ga lambar yabon da ta ci a gasar, ga faranti cike da lemo da ayaba, ga kofin ƙungiya. Ta ɗauke shi don ta gyara masa zama, tana ajiyewa sai ya buɗe baki da kansa.

Ta rufe shi, ta sake saki. Ya sake buɗewa a wuri ɗaya. Littafin ya bi hannu da yawa, kowa kuma babin asibiti yake komawa ya maimaita, har gam ɗin ɗaurin ya saki a daidai nan. Ko jariri aka ba wa, nan zai buɗe.

Ta juya wa ƙofa baya, ta buɗe littafin wajen farko, ta danna da tafin hannu da ƙarfi don ta karya ɗaurin a wani wuri.

"Yau kuma marubuciya ce ke azabtar da littafinta?"

Jan Biro ce, jaka a kafaɗa, tana kallonta ta saman tabarau.

"Gyara shi nake yi."

"Ni ce mai gyara a gidan nan. Ajiye, kar Shugaba ya gan ki ya ce maguɗi."

"Ba wani kofi? Naki fa?"

"Ƙanwar mijina ta ara, kin san an yi sallama da shi ke nan. Naki fa?"

Na Auta yana hannun mai shagon hoto, ya tafi da shi garinsu. Ta nufi Shugaba da ke shigowa, ta ce ko za a bari a yau ta karanta babin farko, tunda akwai tsohuwa a cikin baƙi, kar a tsawaita.

"Shafi biyu ne tsawaitawa?" in ji Shugaba. "Auta, ke ce fa kika fi kowa ihu ranar da Lasifika ya so ya zille. Doka ba ta san mai lamba ba." Ya yi dariya ya wuce gaishe da mutane.

Ɗakin ya cika. Ana haka aka ji tsayuwar a-kori-kura, ƙararta ba ta ɓoyuwa. Yaya ya shigo riƙe da gwiwar hannun Inna, ya sa fararen kayansa na zuwa ɗaurin aure, idanunsa jajur kamar kullum. Aka ba su kujerun gaba. Inna ta zauna tana amsa gaisuwa, tana cewa, "Ashe duk shirun nan da take yi tun tana yarinya, tara magana take yi."

Shugaba ya fara jawabi. Ya faɗi yadda ƙungiyar ta fara da mutum kaɗan a kan tabarma, ya lissafa waɗanda suka buga littafi a bana, aka tafa wa kowa. Wata ɗaliba da gajeren labarinta ya fito a mujalla ta miƙe tana rufe fuska. Auta tana jin tafin kamar daga wani gida yake zuwa. Idonta yana kan farantin.

Inna ta taɓa Yaya ta nuna lemo. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya zaro 'yar wuƙar aljihunsa, ya buɗe ta da farce. Ya fara daga sama, yana juya lemon da babban yatsa, ɓawon yana saukowa siriri, zare ɗaya, yana lanƙwasa har ya kusa taɓa ƙasa bai tsinke ba. Da ya gama ya naɗe ɓawon a yatsansa kamar zobe, ya yanke kan lemon, ya miƙa wa Inna.

Haka telan cikin littafin yake yi, har da zoben.

Jan Biro ce ta fara gani. Ta cire tabarau, ta dubi Yaya, ta dubi Auta. Daga nan mai kanti ya gani, sai ɗalibar, sai na bayanta. Shugaba ya kai tsakiyar wata jimla a kan muhimmancin karatu, idonsa ya sauka a yatsan Yaya, jimlar ta mutu a bakinsa. Ya yi gyaran murya, ya sha ruwa.

"To," in ji shi, "dama dokar nan tamu, wato, ba wahayi ba ce. In an duba yanayi…"

"Wace doka?" in ji Inna.

Ɗalibar, da ba ta san yadda ake ƙin amsa wa tsohuwa ba, ta yi mata bayani.

"Kai, wannan doka ta yi," in ji Inna. "Ba a kawo ni nan don a canza mini tsari ba. Ni hannuna rawa yake yi. Yayanki ya buɗe."

Yaya ya goge hannu da hankici. Aka miƙa masa littafin, ya auna nauyinsa kamar yana auna ƙarfe. "Duk wannan ke kika rubuta, Auta?" Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ba a cika gani ba. Ya rufe ido. Bai ma sa yatsa ba, littafin ya buɗe a tafinsa.

Auta ta karɓa. Ta miƙe. Babin ya fara ne a shafin da ya gabata, don haka layin farko ya same ta a tsakiyar baranda. Ta karanta yadda telan ya zo ƙofar ɗakin maza, ya ji numfashin ubansa, ya koma. Ta karanta yadda ya zauna a bencin katako, yana cewa bari ya huta kaɗan ya shiga. Muryarta ta yi ƙasa har na baya suka miƙo wuya.

A nan ne ƙofa ta buɗe, Lasifika ya shigo da hular kwano a hammata. Ya ga an fara, ya rakuɓe jikin kwalaye. Da ya ji wurin da ake, fuskarsa ta washe, don shi babin nan ya kusa haddace shi.

Auta ta hango sakin layin lemon yana tahowa. Ta ɗago ido ta dubi Jan Biro, wadda aikinta ne ta kama mai tsallake. Jan Biro ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jakarta. Shugaba yana kallon fanka. Auta ta ja numfashi, ta haye sakin layin, ta sauka a kan nas.

"A'a, a'a, a'a!" Lasifika ya ɗaga hannu. "Maguɗi! Kin tsallake lemon!"

"Lasifika, zauna," in ji Jan Biro ba tare da ta ɗago ba.

"Ina zan zauna, an cire zuciyar babin? Shugaba, kana ji fa. Ni da aka tsare ni a kan baiti ɗaya? Baba," ya juya ga Yaya, "wallahi ƙanwarka ta iya rubutu. Mutumin nan yana feraye lemo, ɓawon zare ɗaya bai tsinke ba, ya naɗe a yatsa kamar zo…"

Idonsa ya kai yatsan.

Yaya bai motsa ba. Ya dubi zoben ɓawon da ke yatsansa, ya zare shi a hankali, ya ajiye a kan farin ƙyallen kusa da lambar yabo.

"Karanta," in ji shi. "Ba doka ba ce?"

Ta koma baya ta karanta. Lemo na farko, na biyu, har ledar ta ƙare, duk an feraye, ba wanda aka kai ciki. Ƙanwar telan ta iso da kular abinci. Nas ta ja labule. Shafin dama ya kai su tsakar gida, inda uwar ke zaune a tabarma, kuma layin ƙarshe kafin a juya shi ne maganar telan: "Ina riƙe da hannunsa, Inna." Ko sunan da yake kiran uwar ba ta canza ba. Sai yanzu ta lura.

Ta rufe littafin. Ba wanda ya tafa. Ba ta iya duban kujerun gaba ba, sai takalman Yaya take gani, an goge su sun yi ƙyalli saboda walimarta.

Inna ta gama shan lemonta, ta ajiye a faranti, ta goge baki da gefen mayafi.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Ita uwar, a littafin, ta yarda?"

"Ta yarda."

"To nan kika yi kuskure." Inna ta juya ga Shugaba, kamar shi ne alƙali. "Malam, ku da kuke gyara mata, ba wanda ya haihu a cikinku? Yaron da tun yana ƙarami in za a yanka kaza sai ya bar gidan, uwarsa ce ba za ta san shi ba? Ya shigo mata hannu duk ƙamshin lemo. Wanda ya riƙe mara lafiya ba haka hannunsa yake ba."

Shugaba ya ce, "To, Hajiya, in ta sani, me ya sa…" Ya tsaya, ya ga ya shiga gonar da ba tasa ba.

"Me ya sa me? Miji ya tafi. Yaro ne zai ɗauki gida a kansa gobe da safe. Sai ta karya masa ƙafa?" Ta gyara zama. "Ni dai ban yi boko ba. Amma in za a sake bugawa, a gyara wa matar nan hankalinta. An mai da ita sakarya."

"Za a duba, Inna," in ji Jan Biro. Ta ciro jan biron da gaske, ta rasa inda za ta rubuta, ta mayar.

Yaya ya miƙe. Bai dubi kowa ba. Ya naɗe wuƙarsa, ya sa a aljihu, ya bi ta tsakanin kujeru ya fita. Lasifika ya manne da kwalaye don ya ba shi hanya.

Aka ƙarasa walimar a gurguje. Shugaba ya miƙa mata lambar, mai kanti ya ɗauki hoto da waya, ita da ke gyara fuskokin mutane ta san wannan hoton ba zai gyaru ba. Duk tsawon lokacin kunnenta yana waje. Ta san ƙarar a-kori-kurar nan tun tana makaranta, tarin da take yi kafin ta tashi. In ta ji shi, ta san abin da yake nufi. Lasifika ya zo yana murza hular kwano yana cewa, "Anti, wallahi ni ban…" Ta ce masa ya bari.

Ta kama hannun Inna suka fito ta cikin kantin, tsakanin kantocin littattafai, a hankali saboda gwiwar tsohuwa. Da suka kai ƙofa Inna ta ce, "Lemon nan bai nuna sosai ba."

Motar tana nan inda aka ajiye ta. Yaya yana tsaye a jikinta, ya juya baya, yana kallon masu wucewa. Da ya ji takunsu ya buɗe ƙofar gaba, ya tallafi Inna ta hau, ya tattara mata bakin mayafi don kar ƙofa ta kama, ya rufe. Ya zagayo. Auta tana tsaye a gefen kwata, lambar yabo a hannu ɗaya, jaka a ɗaya.

"Yaya," in ji ta.

Ya amsa yana kallon ƙasa.

"Bencin ba na katako ba ne."

Ba ta gane ba.

"Na ƙarfe ne. An yi masa walda a ƙafar hagu, aikin banza, duk ƙuraje. Wuni na yi ina kallonta." Ya murza idanunsa da bayan hannu, kamar yadda yake yi in ya tashi daga aiki. "In za ki faɗi abu, ki faɗe shi daidai."

"Zan gyara."

"Kuma kar ki ƙara kirana taronku. Wancan mai hular kwanon, in na sake ganinsa, sai na toshe masa baki da walda."

Ya buɗe ƙofar direba, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya.

"Kina jiran a aiko miki da kati ne? Inna, matsa mata."

Auta ta zagaya ta shiga, ta matsu tsakanin Inna da ƙofa, lambar a kan cinyarta. Motar ta yi tarinta, ta tashi.

Ranar Litinin ta koma lungunta a shagon hoto. Kafin ta buɗe hoton farko ta kira Jan Biro, ta ce akwai gyara biyu da za a aika wa kamfani kafin bugu na biyu, ɗaya kalma ɗaya ce, ɗayan kuma zai ɗauke ta lokaci.